Finafinan tsoro na Turawa: me ya sa sai an yi rasuwa a gida kafin dodo ya shigo?

Sadik Fagge: Jama'ar zaure, barkanmu da dare. Akwai abin da na lura da shi a finafinan tsoro na Turawa da nake so mu baje shi a faifai. Kafin wata fatalwa ko dodo ya leƙo, sai an yi mutuwa a gidan. Hereditary na 2018 da jana'izar kaka aka buɗe shi. A The Babadook na 2014, mijin matar ya rasu ne a hatsarin mota yana hanyar kai ta asibiti haihuwa. A Talk to Me uwar yarinyar ce ta rasu. Ko baya ka koma haka ne: Don't Look Now na 1973 da nutsewar yarinya a ruwa ya fara, The Changeling na 1980 kuwa babbar mota ce ta kashe wa mutum mata da 'ya yana tsaye a rumfar buga waya yana kallo. Ni a ganina babu wani aljani a finafinan nan. Baƙin cikin rashi ne aka ɗinka wa riga aka sa masa farata don kyamara ta samu abin ɗauka. Wanda bai yarda ba, bismillah.

Zee Kaduna: Haba Sadik, daga sallama sai tona asirin finafinai biyar? Wasunmu ba su gani ba fa.

Shugaban Zaure: Duk wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ba shi labari, ya ɗaga ƙafa daga nan. Wannan maganar ba ta yiwuwa sai an faɗi ƙarshen fim.

Malam Habu: Sadik ɗana, ka ɗauko magana mai kyau amma ka yi mata kuɗin goro. Hereditary da ka fara ambata shi ne zai fara kayar da kai. Aljanin da ke ciki, Paimon, ba Ari Aster, daraktan fim ɗin, ne ya ƙirƙiro sunan ba, yana cikin tsofaffin littattafan tsafi na Turai tun ɗaruruwan shekaru. Kuma ka sake duba falwayar da kan yarinyar ya bugu da ita. Tun suna hanyar zuwa wajen casun an nuna ta, da tambarin ƙungiyar matsafan a jikinta. Wato mutuwar ma shirya ta aka yi. Sannan ina Joan, 'yar ƙungiyar matsafan, ta samu Annie, uwar yarinyar? A wajen taron masu jimamin rashi, ta tare ta a filin ajiye motoci da fuskar tausayi, ta ce ita ma ta rasa ɗa da jika. Daga nan ta koya mata kiran matattu. To ka ga a wannan fim aljanin na gaske ne, baƙin cikin shi ne ƙofar da ya bi. Wannan kuwa mun san shi a nan. Boka bai cika samun mai ƙoshin rai ba, wadda ta binne ɗa jiya ita ce kasuwarsa.

Sadik Fagge: Na karɓi ta Hereditary, Malam, amma Babadook fa? Wa ya ga dodon nan ban da uwar da ɗanta? Ta je wajen 'yan sanda babu littafin dodon da za ta nuna don ta riga ta ƙona shi, sai baƙin toka a hannunta. Kuma a tsakiyar fim ta faɗa da bakinta cewa da can tana rubuce-rubucen yara. Littafin ya bayyana a kantar yaron ba wanda ya san wanda ya kawo shi. Ai Jennifer Kent, daraktar fim ɗin, ta gama gaya mana komai. Ɗakin ƙasan da dodon ya koma ma nan ne ta kulle kayan mijinta.

Maman Ilham: Ku kuna ta neman ko akwai dodo ko babu, ni abin da ya tsaya min a fim ɗin daban ne. Ranar haihuwar yaron ita ce ranar mutuwar ubansa. Shekara kusan bakwai ba ta taɓa yi masa bikin a ranar ba, sai dai a haɗa shi da na 'yar ƙanwarta. Idan aka ambaci sunan mijin sai ta tsuke fuska. Yaron ya rungume ta, ta janye jiki. Ba don ba ta son shi ba, sai don duk lokacin da ta kalle shi lissafin da zuciyarta take yi shi ne wancan ya tafi, wannan ya zo. Uwa ba ta isa ta faɗi haka da baki ba, ko a Ostareliya ko a Kano, sai a ce ta haukace ko ta yi saɓo. Shi ya sa sai da aka kawo dodo ya shiga jikinta sannan ta iya furtawa.

Ni na yi takaba, na san ɗakin nan. Essie Davis, wadda ta fito a uwar, ba ta taka rawar mahaukaciya ba, ta taka rawar macen da ta daɗe ba ta yi barci ba. Ku dubi yadda take shafa muƙamuƙinta saboda ciwon haƙori, da yadda take zaune gaban talabijin ido buɗe har gari ya waye. Wannan ya fi dodon firgita ni.

Zee Kaduna: Allah ya jiƙansa Anti, ya sa ya huta.

Maman Ilham: Amin ƙanwata, na gode.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta masa, Hajiya. Amma ni ina ganin cutar Turawa ce wannan, kaɗaici ne. Ku duba gidajen da ke cikin finafinan: ƙaton gida a daji, mutum uku ko huɗu, ba maƙwabci, ba dangi. An dawo daga maƙabarta kowa ya shige ɗakinsa. Mu a nan kafin a gama wankan gawa gida ya cika. Ana zaman makoki, ana sadakar uku, maƙwabta na aiko da abinci, wata gwaggo ta tare a gidan har sai an yi bakwai. Ina fatalwa za ta samu wurin tsayawa? A ɗauko Annie ta Hereditary a ajiye ta a Zinder, fim ɗin ya ƙare a minti talatin.

Bilki (Ingila): Yaya na Damagaram, akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. A nan inda nake, a yi mutuwa a ɗauki mako biyu ko uku ba a binne ba, ba abin mamaki ba ne, kuma bayan 'yan kwanaki mutum ya koma aiki, abokan aiki suna kauce masa a baranda don ba su san me za su ce ba. Amma ba haka suka taso ba. A ƙarni na 19 suna da dokokin makoki masu tsauri, har da irin tufafin da gwauruwa za ta sa da tsawon lokacin sa su. Sarauniya Victoria baƙaƙen kaya ta riƙa sawa tun daga mutuwar mijinta a 1861 har ta mutu a 1901. Yaƙin duniya na ɗaya ne ya karya al'adar, matattun sun yi yawa, da yawansu ma ba a dawo da gawarsu gida ba. A 1965 wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Gorer, ya fitar da littafi a kan yadda mutanen ƙasar suka mayar da makoki abin kunya da ake ɓoyewa.

Shi kuma zaman kiran matattu da kuke gani, a zauna a teburi a kunna kyandir a riƙe hannu, ba 'yan fim ne suka ƙago shi ba. A 1848 wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Fox a jihar New York, suka ce ruhi na amsa musu da ƙwanƙwasa. Abu ya zama kamar sabon addini. Yaƙin basasar Amurka ya ci sama da mutum 600,000, sai kasuwar ta buɗe. Matar Shugaba Lincoln da kanta ta riƙa zama da masu kiran ruhi bayan ɗanta Willie ya rasu a 1862. A 1888 ɗaya daga cikin 'yan matan ta fito fili ta ce da gaɓoɓin yatsun ƙafa suke yin ƙarar, amma mutane ba su daina ba. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiri Sherlock Holmes, mai binciken laifin da ya fi kowa aiki da hankali, a kan wannan aƙidar ya ƙarasa rayuwarsa yana yawon lacca ƙasa-ƙasa. Saboda haka idan fim ya nuna uwa ta zauna kiran ɗanta, tarihin kakanninsu yake taɓowa.

Maman Ilham: Ɗan Damagaram, bari in tambaye ka, bayan sadakar bakwai fa? Ranar da aka naɗe tabarmi, masu haya suka zo suka kwashe kujeru da rumfa, gwaggon ta ɗaure kayanta. Takalminsa na nan a bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗaukewa. Wayarsa na kan gado, waɗanda ba su ji ba suna ta turo saƙo, wani ma bashi yake tambaya. Kai namiji ne, ka fita majalisa. Ita tana ciki wata huɗu da kwana goma. Cikar gida gaskiya ce, kuma rahama ce, ban raina ba. Amma idan ka buɗe baki za ka faɗi abin da ke cinka, kafin ka kai ƙarshen zance an ce ki yi haƙuri, kar ki ɗaga masa hankali a kabari. Sai ki haɗiye. Ana iya kaɗaici a gida mai mutum talatin.

Ɗan Damagaram: Na ji wannan, Hajiya. Ban da ta cewa.

Malam Habu: Akwai abin da ya ba ni mamaki da na ƙara nazarin finafinan nan. Mu a aƙidarmu wanda ya mutu ya shiga barzahu, ba ya dawowa yawo a gida. Idan wani abu ya zo maka da siffarsa yana magana, malamai za su ce maka shaiɗan ne yake wasa da kai. To yawancin finafinan ma abin da suke faɗa kenan, ko da masu yin su ba su san da mu ba. A Pet Sematary, wanda aka ɗauko daga littafin Stephen King na 1983, likita ne guda, mai ilimi, ya tone ɗansa ya kai shi maƙabartar da ke tayar da gawa. Ya riga ya gwada da kyanwa ya ga yadda ta dawo da wari da mugunta, amma bai hana shi ba. Abin da ya dawo jikin yaron ne, amma ba yaron ba ne. A Talk to Me, dokar ita ce kar a wuce daƙiƙa 90 riƙe da hannun nan da matasa ke kiran matattu da shi. Mia, yarinyar da ta yi rashin, ta ji muryar uwarta ta bakin ƙanen ƙawarta, ta ƙi bari a raba shi da hannun, yaro ya riƙa buga fuskarsa a teburi. Daga baya wannan uwar ce take zuga ta ta kashe shi. Wace uwa ce za ta yi haka? Don't Look Now kuwa ya fi su duka rashin imani. Uban yana bin wata ƙaramar halitta mai jar riga a lungunan Venice, irin rigar da 'yarsa ta nutse da ita. Ya ritsa ta a kango yana lallashi, ta juyo, ashe tsohuwa ce wada mai kisan mutane, ta sare shi a wuya.

Zee Kaduna: Malam amma ba duka ba. A The Changeling ai fatalwar ta gaske ce, kuma gaskiya take nema.

Malam Habu: Ta gaske ce a fim ɗin, amma ta wa? Ba 'yarsa ba ce. Wani yaro ne gurgu da ubansa ya nutsar a bahon wanka saboda gado. Ƙwallon 'yar mutumin ya riƙa gangarowa da ita daga bene don ya ja hankalinsa. Ya yi amfani da raunin bawan Allah ne ya sa shi aiki, kuma da buƙatarsa ta biya ko godiya babu.

Sadik Fagge: Wajen ƙwallon nan kam George C. Scott, wanda ya fito a mutumin, ya iya tsayuwa. Ya kai ta gada ya jefa a ruwa, ya dawo gida, ga ta tana gangarowa a jiƙe. Ba jini, ba kururuwa.

Bilki (Ingila): Ni abin da na ga ya haɗa su ba mutuwar ba ce kawai, tambayar wa ya jawo ce. Ku bi su ɗaya-ɗaya. A Hereditary, Annie ce ta tilasta wa ɗanta Peter ya tafi da ƙanwarsa casun, yarinyar ma ba ta son zuwa. Shi kuma ya bar ta ta ci kek mai gyaɗar Turawa da jikinta ba ya ɗauka, maƙogwaro ya toshe, ta fitar da kai ta tagar mota tana neman iska, kan ya bugu da falwayar. Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya fi ko'ina nauyi a fim ɗin, kuma babu aljani ko ɗaya a ciki. Yaron bai waiwaya ba. Ya tuƙa mota a hankali har gida, ya shige ɗaki ya kwanta da kayansa, ido buɗe. Kyamara na kan fuskarsa gari ya waye, muna jin takun uwar ta fita, ta buɗe mota, sai ihu. Daga nan gidan kowa ya san laifin da yake ɗora wa ɗan'uwansa, ba mai faɗa, sai ranar da abin ya fashe a teburin cin abinci.

The Orphanage na Sifaniya, 2007, ya fi wannan ciwo. Uwa na neman ɗanta wata da watanni, tana jin bugu a bango da dare tana zaton fatalwowin marayu ne. Ashe yaron ne a ɗakin ƙasa, ita da hannunta ta jingina ƙarafa ta toshe ƙofar ba ta sani ba.

Sai kuma His House na 2020, wanda nake ganin zai fi shigar mutanenmu. Mata da miji ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, aka ba su wani ruɓaɓɓen gida a wajen Landan da sharaɗin ba za su bar shi ba. Wani maye na bin su a cikin bango. Muna ta tausaya musu sun rasa 'ya a teku, sai can aka nuna ba 'yarsu ba ce. Mijin ne ya fizge ta a tasha don a bar su su hau motar da ke ɗaukar masu yara kawai, uwarta na bin motar da gudu tana kiranta. Wadda ta fito a matar, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta kafin iyayenta su koma Manchester.

Zee Kaduna: Ashe 'yar Zazzau ce! Shi ya sa na ga tana da kwarjini.

Ɗan Damagaram: Amma Bilki, nan ne imani da ƙaddara yake mana rana. Mu mun ce kwana ya ƙare, shi kenan, ba a neman mai laifi.

Maman Ilham: A zaure ake cewa kwana ya ƙare. Shigo cikin gida ka ji. Da an kai shi asibiti da wuri. Ai ita ce ta bar shi ya fita. Tun da kishiyar nan ta shigo yara ba sa tsayawa. Ba ka taɓa jin an yi wa tsohuwa sharrin maita ba bayan an rasa jariri? Ana neman mai laifi sosai, a ɓoye ne kawai.

Malam Habu: Wannan gaskiya ce, kuma jahilci ne ba addini ba. Addini bai hana baƙin ciki ba. Annabi Yakubu idanunsa sun yi fari saboda kewar Yusufu, yana cikin Alƙur'ani. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar saɓo. Mu ne muka faɗaɗa hanin har ya kai mutum ba ya iya cewa yana kewa.

Auwal Mai Waya: Ni dai ku yi haƙuri, na karanta duka amma finafinan nan barci suke sa ni. Ka sayi data ka sauke fim ɗin tsoro, ka yi awa guda kana kallon mace na kuka a kicin. In wa'azi nake so na san inda zan je. A ba ni dodo ya fito ya kori mutane kawai.

Sadik Fagge: Auwal ba ka yi ƙarya duka ba. Tun da Babadook da Hereditary suka yi suna, kowane mai shirya fim sai ya kashe wani a minti biyar na farko don a ce fim ɗinsa na da zurfi. Ka ga hoton mamaci a kan firij, ka ga kwalbar magani, ka san sauran. Yadda nake ganewa shi ne in cire mutuwar a raina in ga ko labarin zai tsaya. Idan ya tsaya, to ado aka yi da ita. Pet Sematary na 2019 ma da suka sauya, suka kashe babbar 'yar maimakon ƙaramin yaron don ta iya magana da faɗa, a wurina sun rage masa nauyi. Na 1989 da Mary Lambert ta yi, takalmin yaron nan da ya faɗi a titi ya ishe ka.

Zee Kaduna: Tambaya ta gaske: ƙawata ta rasa mahaifiyarta bana, kuma mai son irin finafinan nan ce. In ba ta ko in hana ta?

Bilki (Ingila): Kar ki ba ta Talk to Me ko Hereditary yanzu, ba su da sassauci ko kaɗan, da hallaka suke ƙarewa. In ita ta nema da kanta, ku kalla tare, kar ki bar ta ita kaɗai da waya cikin dare. Kuma ki sa ido. Idan aka daɗe sosai, wata da watanni har shekara, ba ta cin abinci, ba ta barci, ta kasa komawa harkokinta, likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin lalurar da ake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukanta, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ma ta sa shi a nata littafin a 2022. Ba rashin tawakkali ba ne a je asibiti.

Malam Habu: Ni ƙarshen Babadook ne har yanzu bai kwanta min ba. Ta fi ƙarfin abin, maimakon ta kore shi sai ta ba shi ɗaki, tana haƙo tsutsa a lambu tana kai masa a kwano. Wannan ai ajiye iska ne a gida ana yi mata hidima, irin na 'yan bori. His House ma haka, an kashe mayen amma matattun na nan cike da ɗaki, ma'auratan sun ce za su zauna da su.

Maman Ilham: Malam, gafarta, a kore shi ya tafi ina? Uban ɗanta ne. Da can ta kulle ƙofar ta hana a ambaci sunansa, abin ya fi ƙarfinta. Yanzu ita take sauka da ƙafarta, ta ba shi lokacinsa, ta rufe ta hau sama ta yi wa yaron bikinsa a ranar da aka haife shi. Har ta ce masa idan ya girma zai gani.

Malam Habu: Idan kewa kike nufi, na yarda, Hajiya. Idan dodo ne, ina nan a kan bakana, ba a ciyar da shi.

Sadik Fagge: To Malam ai mun dawo kan tambayata kenan, kewa ce ko dodo?

Malam Habu: A Babadook na bar maka. A Hereditary ko da kuɗi ba zan bar maka ba, je ka sake duba falwayar nan.